Gajiyar da ke hana barci: abin da kwanan zaune ke zuba wa jini

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afirilu, lokacin da albasa ta ƙosa a fadamar Tarka, barci kan yi wuyar samu a ƙasar Madawa. Mai garka yana so ya gama ban ruwa kafin rana ta take, shi ya sa tun duhun asuba ya tada inji. Wanda ya riga ya cire tasa ya tara a fili, yana jiran mai saye ko yana shirin zubawa a rudu, ba ya yarda ya bar ta ta kwana ita kaɗai. Sai ya shimfiɗa tabarma a gefe, motsi kaɗan ya ɗaga kai ya haska tocila. Ƴan dako sun fi son lodi da dare don gudun rana. Direba kuwa, da an ɗaure tamfol, ya kama hanyar Ƙwanni, gabansa tafiyar kwanaki ce zuwa kasuwannin Gana ko Kodebuwa.

Haka abin yake a Sabon Gida da Tumfafi, haka a kwarin Majiya na ƙasar Buza, haka a Tamaske. A ƙasar Keita ma, madatsun ruwa da rijiyoyin da aka samu daga babban aikin raya karkara da ya fara a 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, sun sa rani ya zama lokacin aiki a wurare da dama. Arziki ne, kuma babu mai son a koma baya. Sai dai akwai kuɗin da jiki ke biya, wanda ba ya shiga lissafin buhu da man inji.

Kowa ya san kasalar da ke biyo bayan daren da ba a yi barci ba: hamma, nauyin kai, jan ido. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne abin da ke faruwa da maraicen washegari. Mutum ya wuni yana layi don gajiya, ya yi isha'i ya kwanta da wuri da niyyar ramuwa, amma ido ya ƙeƙashe. Zuciya na bugawa da ƙarfi, tunani na ta kai da komo tsakanin bashin taki da farashin buhu. Wasu su ce iska ce, wasu su ce tunani ne ya yi yawa. Likitoci sun auna jinin irin wannan mutum, kuma sun ga abin da ke ciki.

A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka, girmanta bai kai babban yatsa ba, ana ce mata adirenal. Ita ke zuba wa jini sinadaran ko-ta-kwana, wato waɗanda ke shirya jiki don fuskantar wahala ko haɗari. Na farko adirenalin, tare da ɗan uwansa noradirenalin wanda jijiyoyi ma ke fitarwa. Su ne masu aikin gaggawa: mutum ya taka abu mai laushi a duhu ya zaci maciji ne, kafin ya gane igiya ce zuciyarsa ta riga ta harba, tafin hannunsa ya jiƙe. Na biyu kotizol, mai tafiya a hankali amma mai daɗewa. Umarninsa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi ta wata ƴar tsoka da ke ƙarƙashinta, ya iso ƙoda ta cikin jini. Aikinsa ya sa hanta ta saki sukari, ya riƙe ƙarfin bugun jini, ya danne kumburi, ya sa mutum ya kasance a farke. Wanda jikinsa ya daina yin kotizol gaba ɗaya ba ya rayuwa sai da magani.

Kotizol yana da lokutansa, kuma ba ya saɓawa a jikin mai lafiya. Wajen tsakar dare yana can ƙasa. Daga misalin ƙarfe 2 zuwa 3 ya fara hawa, mutum na barci bai sani ba. Da an farka, cikin rabin awa zuwa minti 45, sai ya ƙara yin tsalle, sau da yawa da kusan rabin abin da yake a da, shi ne ƙarfin da ke tashin mutum daga shimfiɗa. Daga nan ya yi ta sauka har yamma, don jiki ya samu ya lafa. Kamar injin ban ruwa ne: a tada shi da asuba, ya cika fangali, a kashe shi ya huce. Matsala tana farawa ranar da injin ya ƙi mutuwa a kan lokaci.

A 1997 wasu masu bincike a ƙarƙashin Farfesa Eve Van Cauter ta Jami'ar Shikago a Amurka, tare da Rachel Leproult, suka gwada wannan a jikin samari masu lafiya. Wasu aka bar su suka yi barcinsu daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. Wasu aka hana su kwanciya sai ƙarfe 4 na asuba, aka tashe su ƙarfe 8. Wasu kuma ba su runtsa ba sam. Ana ɗibar jininsu a kai a kai. Da maraicen washegari, tsakanin ƙarfe 6 da 11, kotizol na masu barcin awa huɗu ya fi na jiya da kashi 37 cikin 100, na waɗanda suka kwana zaune kuma da kashi 45 cikin 100. Lokacin da ya saba kwantawa ya yi jinkirin aƙalla awa guda. Dare ɗaya tak ya jawo wannan.

Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin 37 da 45 ba ta da yawa. Mai cewa ai ya ɗan taɓa barci kafin kiran salla bai tsira da komai sosai ba.

Bayan shekara biyu, a 1999, Karine Spiegel da waɗannan abokan aikin nata suka buga wani bincike a mujallar The Lancet wanda har yau ake kafa hujja da shi. Samari 11, masu shekara 18 zuwa 27, aka taƙaita musu kwanciya zuwa awa huɗu, daga ƙarfe 1 zuwa 5, dare shida a jere. Duk wanda ya taɓa yin makon cirar albasa ko makon biki ya san irin wannan jadawali. A ƙarshen kwana shidan, saukar kotizol da la'asar ta yi nawa kusan ninki shida. Jikinsu kuma ya riƙa ɗaukar lokaci kafin ya kwashe sukari daga jini, saurinsa ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, sinadarin insulin da ke wannan aiki ya ragu da kusan kashi 30. Samari ne majiya ƙarfi, amma awonsu ya koma irin na dattawan da ciwon sukari ke ƙwanƙwasa wa ƙofa. Daga nan aka bar su suka riƙa kwanciya awa 12 har mako guda, sai awon ya daidaita.

Wannan kashi na ƙarshe ya cancanci a riƙe shi, domin shi ne albishir ɗin da ke cikin labarin. Ɓarnar ƴan kwanaki tana gyaruwa, muddin an ba jiki damar ramawa.

Da safe lamarin ya sha bamban. Bincike da dama sun tarar cewa bayan daren wahala, tsallen da kotizol ke yi da farkawa yakan yi rauni, wasu kuma ba su ga wani canji a jimlar abin da jiki ya fitar a wuni ba. Abin da ya fi bayyana shi ne rikicewar lokaci: da safe da ake neman ƙarfi ya yi ƙaranci, da dare da ake neman natsuwa ya yi yawa. Ta haka ne dare ɗaya ke haifar na biyu. Mutum ya tashi jiki a mace, ya nemi abin da zai tada shi, ya kai dare ido biyu, gobe kuma a sake.

Fushin da ke biyo baya ma yana da tushe. A 2007 Matthew Walker na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka hana wasu mutane barci na kusan awa 35, suka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu hotuna masu tada hankali. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kashi 60 cikin 100, kuma alaƙarsa da sashen goshi, mai taka wa mutum birki, ta yi sako-sako. Wasu masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya sun nuna cewa marar barci yana ɗaukar ƙaramar matsala da zafin da mai barci ke ajiye wa babba, kuma idan aka matsa masa, kotizol ɗinsa ya fi tashi. Rigimar da ke ɓarkewa a bakin mota kan buhu ɗaya da lissafi bai cika ba, ko tsawar da maigida ke daka wa yaro don ya zubar da ruwan buta, sau da yawa daga daren jiya suka taso. Wannan ba ya wanke mai laifi, amma yana nuna inda ya kamata a fara gyara.

Ciki ma ba a bar shi ba. A 2004 ƙungiyar Shikago ta tarar cewa dare biyu na barcin awa huɗu ya rage sinadarin da ke gaya wa mutum ya ƙoshi da kashi 18 cikin 100, ya ƙara wanda ke tada yunwa da kashi 28, kwaɗayin kuma ya fi karkata ga zaƙi da kayan gari.

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan mutanen da ke zaune a ɗakin bincike, ana kawo musu abinci, ba sa ɗaukar buhu, ba sa shiga rana. Mutumin Adar, a jihar Tawa, yana da ƙarin kaya. A Afirilu da Mayu zafin rana a jihar Tawa yakan wuce digiri 40, kuma ɗakin ƙasa ko na kwano yana riƙe zafin har tsakar dare. Jiki ba ya shiga barci mai nauyi sai zafin cikinsa ya ɗan sauka. A 2022 Kelton Minor na Jami'ar Kopanhegan a Danmak ya duba barcin mutane fiye da 47,000 a ƙasashe 68, ya ga cewa daren da zafinsa ya wuce digiri 30 yana rage barci da kusan minti 14, kuma asarar ta fi yawa ga tsofaffi, ga mata, da mazauna ƙasashe marasa ƙarfi. Minti 14 ba ya cika ido, amma bazara wata biyu ce ko fiye.

Ko an daɗe a kwance, barcin da ake katsewa bai cika barci ba. Akwai wani mataki na barci mai zurfi wanda ya fi yawa a farkon dare, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke danne kotizol, jiki kuma ya saki sinadarin girma da gyaran tsoka. A 2008 Esra Tasali, ita ma a Shikago, ta riƙa kunna wa matasa tara wata ƙara da ba ta isa ta tashe su ba, amma ta isa ta fito da su daga wannan zurfi. Awoyin barcinsu ba su ragu ba. Cikin dare uku, yadda jikinsu ke amsa wa insulin ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Kukan sauro a kunne, gumi, rediyon maƙwabci, wayar da ke ƙara a gefen matashi, duk irin wannan aiki suke yi. Gidan sauro, ashe, bayan kariya daga zazzaɓi, yana tsare barci.

Sai kuma shayi. A kowace fada, daga Madawa zuwa Keita, gawayi na ci, ƴar buta na tafasa, ana ɗaga hannu ana tsiyayawa har kumfa ta tashi, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, hira na tafiya har dare ya raba. Fada wuri ne na zumunci da shawara da taimakon juna, kuma ba ta da laifi. Lokacin shan ne abin dubawa. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da Nescafé da goro yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jini, kuma shi kansa yana tada kotizol da adirenalin. A 2013 Christopher Drake a birnin Ditiroyit ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, yana cinye fiye da awa guda na barci. Ɗalibin da ke shirin BEPC ko Bakaloriya, wanda ke kaɗa Nescafé ƙarfe 11 na dare don ya haddace darasi, yana hana kansa barcin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen adana abin da aka karanta. Ƙwayar tramol da wasu ƴan dako da ƴan kabu-kabu ke sha don kashe gajiya ta fi wannan muni nesa ba kusa ba: tana ɓoye ciwon jiki, tana dagula barci, tana kama mutum, tana iya jawo farfaɗiya.

Mai son ganin abin da yawan kotizol ke yi idan ya daɗe, ya dubi masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su dezametazon, wanda ɗan uwan kotizol ne da aka haɗa a masana'anta: fuska ta kumbura, tumbi ya fito, ƙafafu su rame, sukari da jini su hau. Rashin barcin mako guda bai kai ko kusa da wannan ba, amma hanyar da yake tura jiki ke nan.

Watan azumi yana da nasa tsari. Daga 2019 zuwa 2022 ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma a farkon Afirilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. A 2013 Farfesa Suhad Bahijri da abokan aikinta a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda suka auna mutane a Sha'aban, suka sake auna su a Ramadan. Sun tarar kotizol na dare ya hau, bambancin safe da dare ya ragu, kuma sun danganta hakan da al'adar raba dare a farke da juya lokutan barci. Ibadar dare tana da ƙayyadadden lokaci. Abin da ke cinye sauran daren shi ne zaman hira da kallo da latsa waya daga bayan asham har sahur, alhali da safe akwai garka ko kasuwa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika lissafawa ba idan ana zancen rashin barci. Mai jego tana tashi sau uku ko huɗu kafin gari ya waye, da asuba kuma ita ce a bakin turmi, ko a kan hanyar rijiya a ƙauyukan tudu inda ruwa ke da nisa. Daga tsakiyar damina a Agusta zuwa Oktoba, zazzaɓin sauro yakan cika ɗakunan yara a asibitoci, uwa kan kwana zaune a gefen gado tana taɓa goshin ɗanta, malaman asibiti da ungozoma kuma suna kwanan aiki. Binciken Kopanhegan ya nuna zafi ya fi cin barcin mata. Idan irin wannan mace ta yi saurin kuka ko ta ɗaga murya, an fi saurin cewa halinta ne ya canza da a tambaye ta rabonta da barcin kirki. Gidan da miji ko uwar miji ko kishiya za su karɓi jariri awa ɗaya da rana don ta kwanta, sun yi mata abin da kantin magani ba ya sayarwa.

Wannan kwanciyar rana an auna amfaninta. A 2015 Brice Faraut da abokan aikinsa a birnin Faris suka bar maza 11 da barcin awa biyu kacal. Washegari noradirenalin da ke cikin fitsarinsu ya ninka sau biyu da rabi. Da aka sake gwajin, amma aka bar su suka kwanta minti 30 da hantsi, minti 30 da rana, sai awon ya tsaya daidai da na ranar da suka yi cikakken barci. Ƙailula ke nan, wadda malamai suka daɗe suna kwaɗaitarwa. Sharaɗinta ta zama gajera, kuma kada ta kai la'asar sakaliya, don kada ta ci barcin dare. Wurin yinta bai yi wuya ba. A kwarin Majiya layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska suna nan da inuwarsu. Mai garkar da ke da ƴan ƙwadago, idan ya ba su rabin awa bayan azahar, aikin yamma ne zai ci riba.

Ga direba kuwa maganar ta wuce ta riba. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hannunsa da idonsa ya yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, wanda shi ne iyakar da doka ta sa wa masu tuƙi a ƙasashe da yawa; a awa 24 kuma ya ninka haka. Haɗarin shi ne adirenalin yana sa direba ya ji kamar garau yake, ga goro a baki, ga kiɗa na tashi, alhali ƙwaƙwalwa na ɗauke wuta na daƙiƙa biyu ko uku. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 60 cikin daƙiƙa uku. Yaron motar da ya ga kan maigidansa na rinjaya ya ce masa su tsaya, ya cancanci godiya.

Masana barci sun tsayar da awa bakwai ko fiye a matsayin abin da baligi ke buƙata. A lokacin cira da lodi ba kowa zai samu ba, amma ana iya rage ɓarnar. Masu gadin albasa su raba dare gida biyu, kowa ya sami awoyi a jere, ya fi su kwana su biyun suna gyangyaɗi. Shayi mai ƙarfi ya tsaya daga la'asar. A watsa ruwa kafin a kwanta, a kwana a waje cikin gidan sauro idan ɗaki ya yi zafi. Bayan makon wahala a ba jiki darare da dama na kwanciya da wuri, domin dare ɗaya ba ya biyan shida. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya san cewa awonsa na iya hawa bayan daren da bai yi barci ba, ya gaya wa malamin asibiti haka lokacin da ake auna shi, kuma kada ya ƙara wa kansa magani. Wanda barci ke ƙaurace wa dare uku a mako har wata uku, ko wanda iyalinsa suka lura yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na tsayawa, nasa ya wuce na ƴan kwanaki, sai ya je a duba shi.